Shafin Wasanni

Ƙarfe huɗu na asuba a Belém,
kwale-kwalen masunta na shigowa daga bakin kogi,
ni kuma ina tsinke igiyar ƙunshin jaridu da haƙori
don wuƙata ta yi ɓatan dabo tun jiya.
Shekara talatin da ɗaya ina sayar da labarin wasu.
Yau nawa nake nema.

Daren jiya Valdirene, autata,
ta shiga keji mai kusurwa takwas,
kitso a matse, roba a baki, ƙafa ba takalmi.
Minti goma sha uku, da bugun ƙirjina na ƙirga.
Ta sha gwiwa a haƙarƙari, ta sha ƙasa sau biyu,
sannan ta murɗe hannun 'yar Curitiba
kamar mai matse wanki,
har waccan ta bubbuga ƙasa: na sallama.
Mutum dubu biyu suka miƙe, rufin kwano ya amsa.

Na lashi yatsa, na buɗe shafin wasanni.
Ƙwallo. Na juya, ƙwallo.
Idon sawun wani ɗan gaba ya kumbura:
rabin shafi, har da zanen ƙashi.
Kocin da aka kora ya ce bai ji haushi ba.
Tseren motoci a ƙasar da ban san sunanta ba.
Na duba har ƙasan hasashen ruwan sama,
inda ake cigiyar karnuka.
Ko alamarta babu.

Ƙarfe bakwai sai ga Otacílio, editan wasanni,
ya zo karɓar jaridar abokan hamayya, kamar kullum.
Na riƙe masa canji, na ce sai ka ba ni amsa.

Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga.
Ya ce, Josenildo, banki ne ya sayi shafin dama,
kamfanin madara ya sayi na hagu.
Wa zai ajiye jariri mai murmushi
kusa da girar da ta fashe?
Ya ce, ƙwallo gado ce, kaka ya bar wa jika,
na kejin nan kuwa jiya aka haife shi,
kuma masu shi sun kulle shi a tashar kuɗi,
sai ka biya ka leƙa.
Ya yi shiru. Sannan a hankali:
Ma'aikata uku suka rage mini,
ba wanda ya san sunan kamun da ta yi.
Ni ma ban sani ba.

Na ce, ranar da ɗan ƙwallo ya karya ƙafar ɗan'uwansa
ai hoto uku kuka buga, masu launi.
Ya ce, wancan tsautsayi ne.
Na ce, wannan kuma yarjejeniya ce,
da alƙali, da likita, da runguma a ƙarshe.
Ya karɓi canjinsa bai ƙirga ba.

Na yage bayan kwali, na samu gawayi wurin mai gasa kifi,
na rubuta sunanta manya-manya,
na rataye saman duk kanun labarai.
'Yan dako suka tsaya, kwando a ka, suna haɗa baƙi.

Da hantsi ta iso tana ɗingishi,
ido ɗaya a rufe kamar ɗanyen goba.
Ta karanta kwalin, dariya ta taso, haƙarƙari ya hana.
Ta roƙi ƙanƙara wurin Dona Ivonete mai kifi,
ta zari shafin ƙwallo ba ta tambaye ni ba,
ta ƙunshe, ta ɗora a kan kumburin.

Da ta sauke, tawada ta jiƙe ta kama kuncinta:
haruffa a juye, rabin kanun wani.
Na ce, bari in goge miki.
Ta ce, bar shi, Baba.
Tunda ban hau jarida ba,
ga jarida ta hau ni.